Habu Mijin Rabi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Habu, kuma har yau idan hadari ya rufe gari ya ƙi tafiya, shi nake fara tunawa kafin in tuna gonata. Allah ya jiƙansa. Masu karatu ba su san shi ba, don sunansa bai wuce ƙauyenmu da ke ƙasar Kunci ba, sai ko kasuwannin da ke kewaye da mu. Taubashina ne, ɗan gwaggona, ya ɗan girme ni. Duk wanda ya san taubasantaka ya san ba a yin ta da ladabi. Tun muna kiwon awaki nake tsokanarsa yana ramawa, kowa na cewa shi ne ubangidan wani, har gemunmu ya yi fari ba a raba gardamar ba. Saboda haka in kun ji na taɓa shi a wannan rubutu kada ku ce na ci mutuncin mamaci. Da zan yabe shi tsantsa, shi da kansa zai rantse ba ni na rubuta ba.

A shekarun da rayuwa ta fara yi mana tsanani, lokacin da kwanon gero ya fara gagarar magidanci, wata ƙungiya ta zo ta sa wa ɗakin shan maganinmu sola. Farantai a saman rufi, manyan batura jere a wani ɗan ɗaki na baya, fitilu, da firji na ajiye allurai. Mu dai ba mu taɓa ganin wutar gwamnati ba. An taɓa kafa mana turaku, suna nan har yau, tsuntsaye ke hutawa a kansu. Da aka zo neman wanda zai riƙa kula da kayan, sai aka nuna Habu, saboda gidansa na jikin asibitin kuma yana ɗan taɓa gyaran rediyo. Na ce da mai unguwa ya sake tunani, don rediyon da na kai masa tana magana ta dawo min kurma. Ba a saurare ni ba, kuma gara da ba a saurare ni ba.

Ina tsaye lokacin da mai haɗa kayan yake yi masa bayani. Ya nuna masa yadda zai riƙa duba ruwan kowane batir yana ƙarawa, da yadda zai goge kawunansu, da wata ƙaramar na'ura a bango mai nuna lamba da fitilu uku: kore, ruwan ɗorawa da ja. Sai ya ce abu ɗaya ne mafi girma, kada ya yarda wutar da ke cikin baturan ta sauka ƙasa da rabi. Habu ya tambayi dalili. Mutumin ya ce irin waɗannan batura in aka zuƙe su har ƙasa, ba sa sake cika kamar da. Habu ya dubi baturan, ya ce, "To, iri ke nan."

Mai haɗa kayan bai gane ba, amma mu mun gane. Kowane manomi a wajenmu yana da damin da ba ya taɓawa a cikin rumbu. Ana iya kwana da kunu, ana iya cin tafasa da rama har a gaji, amma wannan damin na shuka ne. Mutumin da ya ci irinsa an san ya kai ƙarshe, kuma ko a bayan idonsa da tausayi ake maganarsa. Tun daga ranar Habu ya raba wutar asibitinmu gida biyu a zuciyarsa: ta sama ta ci ce, ta ƙasa iri.

Na so a ce kun ga yadda yake wannan aiki. Daga masallacin asuba sai ya wuce ya hau tsani ya share farantan da tsumma, sannan ya shiga ɗakin baya. Zai buɗe murfin kowane batir ya leƙa, ya zuƙo ruwan da wani ma'auni mai kan roba, ya ɗaga shi wajen taga ya ƙura masa ido. Ruwan rijiya bai taɓa shiga cikinsu ba, ko da kuwa zai hau keke har Kunci neman ruwan batir. In ya gama sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora bayan hannunsa a kansu, yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta. Ya san halin kowanne. Na jikin bango, in ji shi, mashayi ne, kullum ruwansa a ƙasa. Na kusa da ƙofa kuwa saurin zafi gare shi, wai halina ya ɗauko.

Rigimarsa da gari daga cajin waya ta faro. Kwamitin asibitin ya yarda mutane su riƙa kawo wayoyinsu da rana, matasa kuma su kunna ƙaramar talabijin a baranda ranar da ake ƙwallo. Ana cikin jin daɗi sai ka ga Habu ya leƙa ɗakin baya, ya fito yana karkaɗe hannu, ya ce, "Ya kai rabi." Shi ke nan, ya kashe. Ko bugun fanareti za a yi, ko wayarka yanzu ta fara ɗauka, babu roƙon da yake ji. Ranar bikin babban ɗansa abokan ango suka zo neman a ja musu waya zuwa lasifika, ya ce su je su nemi makaɗa, kakanninsu ma da kalangu aka kai su ɗaki. An kira shi marowaci, an ce ya mai da wutar jama'a gadon gidansu. Ni kuwa da na ga kalmar rabi ba ta barin bakinsa, sai na ce ai Habu sabon aure ya yi bai gayyace mu ba, amaryar sunanta Rabi, tana ɗakin baya. Kafin mako ya zagayo, yara da manya kowa Mijin Rabi yake ce masa. Matarsa Talatu ta fi kowa dariya, ta ce a gaishe da Rabi, ta gode da take rage mata surutunsa da safe.

Yanzu da nake wannan rubutu an canja kayan asibitin gaba ɗaya. Sababbin baturan a rufe suke ruf, ba a zuba musu ruwa, ba murfin da za a buɗe. Wani matashi da ke zaune a Ungogo shi ke lura da su ta cikin wayarsa, yana ganin abin da suka ci da abin da ya rage ba tare da ya tako garinmu ba. An ce waɗannan ko sun sauka ƙasa da rabi ba abin da ke samunsu. Ina yawan tunanin abin da Habu zai ce. Na san da fari zai taɓe baki ya tambayi wanda zai riƙa taɓa musu goshi. Na kuma san kafin la'asar za a same shi a tsugune gaban akwatin yana neman inda zai leƙa, don mutum ne mai son sanin cikin abu. Ban jin zai ƙi su. Abin da zai dame shi bai wuce ganin yadda muke kwasar wuta yanzu ba wanda ke ɗaga kai ya dubi sama.

Ga abin da ya sa nake rubuta wannan, ba tsokana kaɗai ba. Ina da 'ya, Sa'adatu. Mahaifiyarta Binta wajen haihuwarta ta rasu, jini ne ya ɓalle aka rasa yadda za a yi, tun ba mu da asibiti. Na raini yarinyar nan da wannan tsoro a ƙirjina ban taɓa faɗa mata ba. Da ta yi aure ta sami ciki, sai aka dawo da ita gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, kuma watanta ya faɗo a tsakiyar damina. Na sami Malama Hauwa, ungozomar asibitin, na gaya mata abin da ya kashe uwar yarinyar. Ta buɗe firjin ta nuna min wasu ƙananan kwalabe, ta ce allurar tsayar da jini ce, su ke nan suka rage mata, kuma a wannan yanayi ba ta san ranar da za a sake kawo wasu ba. Ta ce zafi yana kashe ƙarfinta, saboda haka muddin firjin nan na sanyi in kwantar da hankalina. Tun daga ranar kullum sai na biya asibitin, in yi kamar Habu na zo tsokana, alhali ƙugin firjin nake zuwa saurare.

Sai marka ta sauka. Mutanen birni ba lallai su san abin da marka ke yi wa ƙauye ba. Ruwa ne siriri da ba ya tsayawa, kwana da kwanaki ba a ga rana ba, itace ya jiƙe, katanga ta fara zubewa. Kuma lokacin ne rumbu yake ƙasa, sabon gero bai nuna ba, tsohon ya ƙare. A shekarar nan gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Farantan Habu ba abin da suke samu sai ɗan haske kamar na magariba. Ya fara da hana caji, ya ɗauke talabijin ya kai gidan mai unguwa, ya kwance fitilun baranda, ya bar firji kaɗai da ƙwai ɗaya a ɗakin haihuwa. Duk da haka lambar kullum sauka take yi.

Akwai tsarin da aka saba. In wuta ta kai rabi rana ba ta fito ba, sai a zuba alluran a akwatin sanyi a kai su babban asibiti a Kunci, a kashe firji, a bar baturan su huta. An taɓa yin haka ba sau ɗaya ba. Amma a wannan karon rafin da ke tsakaninmu da titi ya cika ya tumbatsa, ya cinye hanya, ko mai babur mafi taurin kai bai yarda ya tunkare shi ba. Allurai ba su da hanyar fita, mai naƙuda ma haka.

Wata rana bayan la'asar na shiga ɗakin baya na same shi zaune a kan bokitin da ya kife, ya zuba wa na'urar bango ido. Fitilar ruwan ɗorawa ce ke ci. Na ce, "Ya kai rabi?" Ban taɓa faɗin kalmar nan ba da wasa ba sai ranar.

Ya ce, "Tun da hantsi."

Na kasa kunne, na ji firjin yana ta ƙuginsa ta bayan bango. Na ce, "To?"

"To me? Tafi gida, Isa, ka tsare min haske."

Ban roƙe shi komai ba, kuma bai bar ni na roƙa ba. Na san abin da baturan nan suke a wurinsa, na kuma san in suka mutu ba mai sake kawo mana wasu a wannan marra. Na fita ina jin kunyar haɗa ido da shi.

Da na dawo washegari fitilar ta koma ja, na'urar tana wani ɗan kuka kamar ɗan tsako. An yi ta ne yadda in wuta ta yi ƙasa sosai za ta yanke komai da kanta don ta ceci baturan. Na tarar Habu ya kwance wayar firjin daga jikinta ya ɗaura ta kai tsaye a kan baturan, Malama Hauwa na tsaye ta riƙe masa tocila. Mutumin da ya hana ɗansa wuta ranar aurensa, ga shi da hannunsa yana kwashe abin da ya shekara da shekaru yana karewa. Na ce, "Habu, irin fa?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka taɓa ganin wanda ya ajiye iri don ya yi ta kallonsa? Ranar shuka ce ta zo."

Naƙuda ta kama Sa'adatu da safe, ana ta yayyafi. Muna rakuɓe ni da shi a ƙarƙashin indararon asibiti, mata na ciki. Muka ji kukan jariri, na fara hamdala, sai kuma muka ji muryar Malama Hauwa ta canja, tana cewa a miƙo mata tsummoki, a ƙara. Na san wannan murya. Irinta na ji shekarun baya a ƙofar ɗakin Binta. Habu ya damƙe min wuyan hannu ya matse har sai da na ji zafi. Muka ji an buɗe firji an rufe. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Daga baya Malama Hauwa ta leƙo, goshinta duk gumi, ta ce, "Baba, jini ya tsaya. Ka samu jika mace." Ta ce da ta ɗauko kwalbar, sanyinta har cikin tafin hannunta. Na zauna a cikin taɓo na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Habu ya ce in tashi, ina ba dangin uwarsa kunya.

Rana ta fito bayan 'yan kwanaki, amma baturan ba su dawo ba. Biyu sun mutu murus, har da mashayin nan na jikin bango. Sauran kuma sun zama kamar tsohon tulu, a cika su da rana, kafin gari ya waye sun tsiyaye. Caji ya tsaya, ƙwallo ta tsaya, ba na mako ɗaya ba, na shekaru. Aka yi taro a ƙofar gidan mai unguwa. Ni da Malama Hauwa muka faɗi abin da ya faru, mutane da yawa suka ce ai ko su ne haka za su yi. Amma akwai waɗanda suka ce da wutar da ya hana su ce aka sha, da sai a ce almubazzaranci, yanzu da ya ƙarar da ita a kan 'yar ɗan'uwansa an ce jinƙai. Maganar ta yi min zafi, na miƙe zan yi magana ya ja min riga. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni na sauke su, da sanina." Ban taɓa jin ya ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba har ya koma ga Allah.

Kada a ɗauka abin bai dame shi ba. Ranar da aka zo ɗauke matattun baturan na gan shi ya ɗora musu bayan hannu kafin a fita da su. Sauran kuwa ya ci gaba da jinyarsu, ya sake musu haɗi, ya hana su kowane aiki sai firji, a haka suka yi ta lallaɓawa har suka ga bayansa.

Da kwanan suna ya zo, surukina Musa, Allah ya yi masa albarka, ya ce ya bar min zaɓi. Na raɗa wa liman sunan, ya dube ni ya ce, "Rabi'atu, sunan ta huɗu, ga 'yar fari?" Na ce haka nan. Da aka sanar, sai dariya ta ɓarke tun daga zaure har cikin gida. Kun san a al'adarmu jika mace matar kakanta ce ta wasa, kuma Habu kaka ne a wurinta kamar yadda nake. Sunan da na laƙaba masa don tsokana ya tabbata a gaban liman da shaidu. Ya nuna ni da yatsa yana dariya, ya buɗe baki zai rama, maganar ta maƙale. Ya sunkuyar da kai ya daɗe yana gyara hularsa. A iya zamanmu wannan ce kaɗai tsokanar da bai rama ba.

Ya riƙe auren nan da gaske. Duk lokacin da aka kawo ta garinmu sai ya zo da cefane a aljihu, goruba ko ɗan rake, ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama ya ce a gaya wa amarya maigida ya dawo. Da ta fara magana Maigida take ce masa, ni kuwa ya hana ta kula ni, wai ni ne mai neman kashe masa aure. Tana da shekara huɗu ya kwanta, ciwon bai daɗe ba, a cikin bazara. Ranar sadakar uku tsofaffin mata suka ɗaura mata farin kallabi don su rage wa gidan nauyi, suka ce amarya sai takaba. Su wasa suke yi, ita ba ta sani ba. Ta zauna a kan tabarma kusa da Talatu ta ƙi fita wasa, har yamma. Da aka zo kwance mata kallabin ta riƙe shi, ta tambaya ko in ta gama Maigida zai dawo. Talatu da ta daure tun safe, a nan ta kasa.

Shekarun da muke ciki yanzu sun fi waɗancan tsanani, kowa ya sani. Na ga magidanta masu mutunci sun sussuke damin shuka sun kai tukunya, ba don sakaci ba. Idan na gan su Habu nake tunawa, don bai taɓa yi wa irin waɗannan dariya ba. Na'urar da ke asibitinmu yanzu ta fi shi iya lissafi, ba ta barci, ba ta zuwa kasuwa, in ta yanke wuta ba wanda ke zaginta. Ina yi mata fatan alheri. Abin da ban sani ba shi ne ko akwai wanda zai zauna a kan bokiti a gabanta ranar da lissafi ya ce a kashe, alhali akwai mai ciki a gari kuma rafi ya cinye hanya.

Bai bar dukiya ba. Ya bar gona, da tsani, da ma'aunin nan mai kan roba da Talatu ta rataye a ɗakinta. Ya bar kalma ɗaya a bakin mutanen garinmu, don har yau in uwar gida ta ga hatsi ya ja baya sai ta ce ya kai rabi, kowa ya san abin da take nufi.

Rabi ta zo mana hutu a daminar nan, ta yi tsawo, tana aji na ƙarshe a firamare. Ta je ɗebo ruwa ta jiyo wani dattijo yana ba da labarin zamanin da ake kashe musu ƙwallo ana tsakiyar wasa. Ta dawo ta ajiye bokiti ta tsaya a kaina, ranta a ɓace. Ta ce, "Kaka, wai da gaske mijina marowaci ne?"

Na ce da gaske ne, duk garin nan ba a yi marowaci kamarsa ba. Ya hana ni, ya hana mai unguwa, ya hana ɗan cikinsa.

Ta ce, "To wa yake ajiye wa?"

Na dube ta, ga idon Sa'adatu, ga goshin Binta. Na ce ta je ta tambayi uwarta, tana nan cikin gida tana tankaɗe.